Jan Ɗigon Baba Tantama

Duk layin masu gyaran mota ba wanda zai iya tuna ranar da aka fara kiransa Tantama, amma kowa ya san dalili. Mutum ne da idan ka ce masa an yi ruwa a unguwarku jiya, sai ya dubi takalminka kafin ya ce Allah ya amfana. Ya taɓa sayen ƙwan fitila, ya sa mai shago ya gwada masa har ya gamsu, ya kai gida, washegari ya dawo ya ce ba wanda aka gwada aka ba shi ba. Matarsa kan ce ranar da ta haifi ɗansu na fari, sai da ya ƙirga yatsun jaririn, ya sake ƙirgawa, sannan ya bi ungozoma da wani irin kallo.

Sana'arsa ɗaura wa motoci kayan sauti, kuma tun gashin kansa na baƙi yake yin ta. Shagon rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a bayanta. A bango sifiku ne rataye, manya da ƙanana, masu rai da matattu, don Tantama ba ya zubar da matacciyar sifika, wai kada wani ya tsince ta ya liƙe ya sayar da sunansa. Ƙasa duk guntayen waya ne ja da baƙi, wurin kuwa kullum warin dalma da ƙonanniyar roba yake yi. Su biyu ne a ciki, shi da ƙanensa. Auta ake ce wa ƙanen, duk da furfura ta cinye masa gemu har ya aurar da 'ya. Auta ne mai jan waya, shi ke kwanciya ƙarƙashin sitiyari, shi ke cusa kai cikin but ɗin bayan mota. Idan ya gama sai ya koma gefe yana goge hannu, Tantama ya shiga motar, ya zaro ɗan siririn sukundireban saiti daga aljihun gaban rigarsa, ya daidaita sautin da kunnensa. Kunnen nan shi ne jarin shagon. Saboda shi mutane ke tsallake shaguna masu gilashi da fitilu su zo rumfar kwano.

Akwai karatun da yake yi wa kowane mai mota, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Yawanci samarin direbobin bas ne ke jawo wa kansu. Ɗaya zai zo rungume da sabuwar amfilifaya, wato akwatin da ke ba sifiku ƙarfi, yana ta washe baki.

"Baba, wannan ta ninka tsohuwar ƙarfi. So nake in na shigo tasha kowa ya san na iso. Ƙarar ta ninka biyu."

"Ba za ta ninka ba."

"To ai ga shi a rubuce jikin kwali."

"Kwalin ne zai saurara ko kai? Zauna in gaya maka. Da desibel ake auna ƙara. In ka ninka ƙarfin akwatin nan, desibel uku kawai ka samu. Uku kuwa, kunne zai ce maka an ɗan taɓa, shi ke nan. In kana so ka ji kamar an ninka, sai ka hau goma, goma kuwa ƙarfi ninki goma take ci. Ka taɓa zama gidan da jariri ke kuka? To tagwaye ba su ninka shi ba. Sai ka tara jarirai goma a ɗaki kafin ka ce yau kam kukan ya ninka."

"Kai Baba, da gaske?"

"Kunne ba mudu ba ne. Butulu ne, ka ba shi da yawa ya ce maka kaɗan ya samu."

Daga wannan karatun ya fitar da wata dabara da ba wanda ya sani sai Auta. Tunda kunne ba ya kama ɗan ƙari, to ba ya kama ɗan ragi. Duk yaron da ya zo neman ƙarar da za ta girgiza gilashi, Tantama zai kai masa har inda yake so, ya bar shi ya yi rawar kai ya gamsu, sannan ya aike shi sayen ruwan sanyi. A jikin amfilifaya akwai 'yan sukurori biyu, ɗaya na ƙarfi, ɗaya na kaifin sauti. Kafin yaron ya dawo, Tantama ya mayar da na ƙarfin baya kaɗan. Rabin ƙarfin ya tafi, yaron ya tayar da mota yana ta godiya. Rabon kunne yake kiran abin. Idan Auta ya girgiza kai sai ya ce, "Sifikarsa ta huta, kunnensa ya huta, uwarsa ta huta. Wa na cuta?"

Daga nan sai ya fito da 'yar kwalbar fenti ya ɗiga ja a kan kowane sukuru, rabi a kan sukurun, rabi a kan ƙarfen da ke gefe. Duk wanda ya taɓa a bayansa, ɗigon zai tsage. Jan ma ba na kasuwa ba ne, shi ke haɗa abinsa a gida da ɗan baƙi, har ya yi duhu kamar busasshen jini. Idan mota ta dawo mai ita na ƙorafi, Tantama ba ya sauraron kowa sai ya haska tocila ya ga lafiyar ɗigonsa.

A gefen rumfar tsohuwar motarsa ke tsayawa, wadda ita kanta ta manta launinta na asali. Ita ce ma'auninsa. Shekarun baya ya zauna ya saita ta yadda ransa ke so, ya rufe da jan ɗigo, ya sa faifai ɗaya a ciki wanda ba a fitarwa: ganga, sarewa, da muryar wata mata. Kowace safiya kafin ya taɓa motar kowa zai shiga, ya ɗaga gilasai, ya kai lambar ƙara goma sha biyu, ya lumshe ido. Idan ya ji gangar a inda ya saba jin ta, ya kuma ji mai sarewa ya ja numfashi kafin ya busa, to kunnensa na nan. Sai ya fito ya ce, "Auta, buɗe shago."

Ba banza yake yi ba. Ya ga yadda masu wannan sana'a ke ƙarewa. Maigidan da ya koya musu aiki sai da ta kai ana yi masa magana da hannu, yana ta saita motoci suna fita da ƙara kamar ana yankan kwano, ana dariya a bayansa shi bai sani ba. Tantama ya rantse a gaban Auta da matarsa cewa ranar da sha biyu ta canja a kunnensa, ranar zai ajiye sukundireban saiti, ba zai jira a mayar da shi abin dariya ba. Wanda ya san shi kuwa ya san in ya faɗa ya faɗa. Shekara da shekaru sha biyu ba ta canja ba, kuma yana taƙama da haka.

Duniyar da ke kewaye da shi ce dai ta canja, kuma kowane canji yana da bayaninsa. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana, sai ƙus-ƙus, munafunci ne ya yi yawa. Auta ne kaɗai bai koyi wannan hali ba, shi kam zai fuskance ka ya yi magana sarai. Matarsa ta daina shiga motarsa, wai kanta ke ciwo, gara ta hau bas. Ya bi tarihin aurensu kaf yana neman laifin da ya yi mata bai samu ba, sai ya yanke cewa 'yar'uwarta ce ke zuga ta. Sannan na'urarsa ta auna ƙara, tsohuwa mai allura, wadda ya ɗiga wa ja a gilashi daidai inda allurar ke tsayawa a sha biyu, ta ɓace daga kan tebur da rana tsaka. A ranar mai facin da ke maƙwabtaka da su ya shigo aron filaya. Tun daga lokacin Tantama bai sake gaishe shi ba, ko da yake har yau ba wanda ya iya faɗin abin da mai facin taya zai yi da na'urar auna ƙara.

Zaren ya fara warwarewa ne lokacin da Auta ya faɗo daga tsani a gida ya yi targaɗe, likita ya ce ya kwanta. Tantama ya riƙe shagon shi kaɗai, yana nishi a ƙarƙashin sitiyari, yana kuma jin daɗi a ransa cewa har yanzu da sauransa. Motoci suka fita. Ba a daɗe ba suka fara dawowa.

Na farko wani dattijon direban tasi ne, mai kunya, tsohon abokin ciniki. Ya gaida gida, ya gaida aiki, ya tambayi mai jiki, kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Baba, sautin nan kamar ya yi kaifi. Fasinja na cewa yana tsaga musu kunne."

Tantama ya duba ɗigo, lafiya lau. Ya shiga ya saurara, lafiya lau.

"Fasinjanka su je a wanke musu kunne."

Direban ya yi 'yar dariya yana sosa ƙeya. "Ko in bari sai Auta ya warke ya ɗan duba?"

Maganar nan ta ɓata wa Tantama rai. Tun yaushe ake jiran mai jan waya ya duba sauti? Da na biyu ya zo da irin ƙorafin, shi ma ya tambayi Auta, na uku ma haka, sai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya fara da zargin mai sayar musu da kaya, ya fasa sabuwar sifika ɗaya don ya kama shi da jabu. Ta gaske ce, ya yi asarar ta a banza. Ya koma kan mai faci, amma ko shi ya san wannan karon abin bai zauna ba.

Ana cikin haka wata mota da ya yi wa aiki bara ta zo canjin waya. Ya buɗe but, ya haska tocila a kan amfilifaya kamar yadda ya saba, sai ya tsaya cak. Ɗigon na nan, bai tsage ba. Amma ja ne mai haske, irin na fentin ƙofa. Ya fito da kwalbarsa ya ɗiga nasa a gefe, bambancin ko tabarau ba ya buƙata. Ya sa farce ya karce, sai ga nasa a ƙasa, tsagagge. Wani ya karya masa hatimi, ya juya sukurun kaifi baya, ya rufe da jan kasuwa.

Ranar duk motar da ya taɓa yi wa aiki, in ta gifta layin sai ya tsayar da ita da sunan gaisuwa, ya ce a buɗe masa but. Kusan duka labarin ɗaya ne. Da la'asar ta yi, ya buɗe but ɗin tasa motar. A nan ba ɗigo ɗaya ba ne. Fenti ne a kan fenti, a kan sukurorin duka biyu, har ya yi tudu kamar ɗigar kyandir.

Mutum ɗaya ne ke da makullin motar bayan shi. Biri ya yi kama da mutum. Kafin ya isa gida ya gama haɗa labarin. Auta ya gaji da kwanciya ƙarƙashin sitiyari. Yana bin bayansa yana taɓa masa aiki, yana raɗa wa masu motoci cewa tsohon ya ƙare, hannuna ne ke gyara muku. Ya shiga ma'aunin ma ya yamutsa don ya rikita masa kunne, ya sa shi ajiye aiki da hannunsa, shago ya zama nasa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don shi ya riƙa goya Auta zuwa makaranta, shi ya fara damƙa masa filaya. Amma ya rungumi zargin da hannu biyu, domin akwai wani tunani da ke leƙowa ta bayansa, kuma cin amanar ɗan'uwa ya fi masa sauƙin ɗauka a kan wancan.

Matarsa ta ga ya tasa abinci gaba bai taɓa ba.

"Malam, lafiya?"

Sai da ta maimaita sannan ya ɗago.

"Ƙanena ke cin dunduniyata."

"Auta?"

"Kin san wani ƙanen nawa bayan shi?"

"Zato zunubi ne, Malam."

"Ko da ya zama gaskiya, na sani. Zan ɗauki zunubin."

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta rufe, ta tattara kwanuka. Ya lura, ya kuwa sa ta cikin waɗanda zai sa wa ido.

Da Auta ya dawo yana ɗingishi, Tantama ya tarbe shi da fara'ar da duk wanda ya san shi zai tsorata. Ya ba shi kujera, ya tambayi ƙafa har sau biyu. Washegari ya shiga motarsa kamar kullum, ya ji sha biyunsa daidai yadda ya saba, amma ya fito yana ɓata rai da gangan.

"Yau kamar ta yi sanyi," in ji shi, yana kallon Auta ta gefen ido. "Bari in je kasuwa in dawo, waya ta ƙare."

Ya bi layin har kwana, ya zagayo ta baya, ya ɓullo rumfar mai faci.

"Salamu alaikum."

Mai faci ya ɗago ya dube shi, ya dubi sama ko hadari ya haɗu. "Wa alaikumus salam. Bincike ka zo?"

"Aron bayan tayoyinka na zo."

"Ba ka tsoron in sace ka?"

Tantama ya wuce shi. Ya tsugunna bayan tarin tayoyi, gwiwoyinsa na ƙara, ya leƙa ta tsakani. Bai daɗe ba ya ga Auta ya dubi hagu ya dubi dama, ya ɗingisa zuwa jakar kayan aikinsa. Ya ciro makulli, ya ciro 'yar kwalbar jan fenti, sannan daga can ƙasa ya ciro wani abu nannaɗe da tsumma. Ya warware, sai ga na'urar auna ƙara.

Tantama bai yarda ya waiwaya ba. Mai faci ya gani sarai, sai ya ci gaba da goge tiyub yana ɗan fito.

Auta ya ɗora na'urar a kujerar direba, ya kunna faifan, ya bar ƙofa a buɗe ya zagaya but. Mai faci ya yamutsa fuska. "Ga ta nan kuma. Kullum safiya haka muke shan ta, har da gilasai a rufe." Tantama ya ji shi, don a saitin kunnensa ya faɗa, amma bai tsaya auna maganar ba. Ya miƙe ya tafi ya cafke wuyan hannun ƙanensa.

"Rana dubu ta ɓarawo."

Auta bai firgita ba. Ya dubi sukundireban da ke hannunsa, ya dubi yayansa, ya sauke numfashi irin na wanda ya daɗe da kaya a ka.

"Yaya, ka dawo da wuri."

"Tun yaushe kake yi?"

"An daɗe."

"Shagon kake so? Ai da ka buɗe baki ka ce. Sai ka bi ta bayana kamar ɓera?"

Auta ya zare hannunsa a hankali, ya fuskance shi sosai yadda ya saba. "Zo ka ga allura, Yaya. Kai ka koya mini karanta ta."

Suka zagaya. Lambar ƙara na kan sha biyu. Tantama ya shiga ya ja ƙofa, ya ɗauki na'urar ya riƙe ta daidai inda kansa ke zama. Ga jan ɗigonsa na asali a gilashi, mai duhu, ba wanda ya taɓa shi. Allurar kuwa ta wuce shi tana rawa can gaba. Ya kashe faifan ya sauke gilashi.

"Nawa ta wuce?" in ji Auta.

"Goma."

"Goma kuma me ke nan a kunne?"

Tantama ya sake duban allurar. Karatun da ya yi wa samari har ba ya iya tuna adadinsu ne aka miƙo masa. Jarirai goma a ɗaki ɗaya. Duk mai lafiyar kunne da ya shiga motar nan zai ji ƙarar ta ninka ta da. Shi kuwa ɗazu-ɗazu ya zauna a ciki ya ji sha biyunsa ba ƙari ba ragi.

"Wata safiya ka fito daga motar nan fuskarka kamar an yi maka rasuwa," in ji Auta. "Ba ka ce in buɗe shago ba. Ka wuni kana kwance wayoyi kana neman abin da ya lalace, ba abin da ya lalace. Ni kuwa ina wurin ranar da ka rantse. Da ka fita cin abinci na ƙara ɗaya. Ɗaya tak, Yaya, ko kai ba ka kama ɗaya. Washegari ka fito kana murmushi. Bayan wasu watanni na sake ganin fuskar nan, na sake ƙara ɗaya. Na kaifin ma haka. Na'urar na ɗauke don kada in wuce ɗaya, don kuma kada ka gwada."

"Motocin mutane fa?"

"Kana barin su da kaifi. In ka juya baya sai in mayar inda da can za ka sa. Saitinka ne, na da. Ni ba ni da nawa. Duk shekarun nan ina kwance a ƙasa ina jin abin da kake yi a sama."

"Ka yaudare ni, Auta."

"Rabon kunne ne. Wa na cuta?"

Wanzami ba ya son jarfa. Tantama ya ji maganarsa ta dawo masa da zafinta, ya so ya daka tsawa, amma fushin da ya kwana yana hurawa ya rasa inda zai kama.

"Ka cuci mai faci," ya ce daga baya. "Ka cuci matata, na ɗora wa 'yar'uwarta laifi. Kunnen da ke mutuwa kuma ka riƙa ƙara masa wuta kullum safiya. Wannan ba cuta ba ce?"

Auta ya sunkuyar da kai, sai kuma ya tuna ya ɗago don a ga bakinsa. "Cuta ce. Na sani. Shi ya sa na ce wa kaina daga goma ba ƙari. Yau ma da ka ce ta yi sanyi, tsaye kawai nake da sukundireba, ban san ko in ƙara ba ko in jira ka in faɗa maka. Tsoro nake ji, Yaya. Na ga maigidanmu da ya bar aiki, bai shekara ba."

Tantama ya fito ya zagaya but. Ya sa farce ya riƙa karce fentin, sabo na fita, tsoho na fita, har ya kai ga ɗigonsa na farko, rabi a kan sukuru, rabi a kan ƙarfe, sun yi nisa da juna. Ya zaro ɗan sukundireban saiti ya juya baya har rabi ya haɗu da rabi. Ya yi wa ɗayan ma haka. Ya koma ya zauna, ya ɗaga gilasai, ya kunna. Allurar ta hau ta kwanta a kan jan ɗigo kamar an kira ta. Ya lumshe ido.

Gangar na nan, amma kamar ana buga ƙofar maƙwabta. Matar na waƙa ta bayan bango. Ya jira inda mai sarewa ke jan numfashi, ya san wurin kamar sunansa, wurin ya zo ya wuce ba komai. Ya mayar da faifan baya ya sake jira. Hannunsa ya kai kan maɓallin ƙara da kansa, ya janye shi. Tsoro ya kama shi, kunya ta biyo baya, don ya gane duk layin sun daɗe da sani, kullum safiya yana yi musu shela da motarsa. Mutumin da ya tuhumi kwali, ya tuhumi kwan fitila, ya tuhumi ungozoma, abu ɗaya ne bai taɓa tuhuma ba, shi ne kuwa ya yi masa ƙarya.

Ya daɗe a ciki. Da ya fito, Auta na tsaye inda ya bar shi, a kan ƙafa mai ciwo. Tantama ya kama hannunsa ya sa masa sukundireban saiti a ciki. Auta ya so ya mayar.

"Riƙe. Na rantse, kuma ka san ni." Ya laluba aljihu ya ciro kwalbar fenti. "Wannan ma. Jan naka na kasuwa ne, abin kunya. In za ka bi bayan mutum ka riƙa haɗa fenti da kyau."

"To kai fa, Yaya?"

"Saiti na ce zan ajiye, ban ce zan ajiye filaya ba. Da wannan ƙafar taka ai ba ka shiga ƙarƙashin sitiyari. Kira mai tasi ya kawo motarsa. Ni zan ja waya, kai ka hau sama. Kuma ka sani na'ura na hannuna, sai na auna duk abin da ka yi."

Kafin ya shiga rumfa ya tsaya gaban mai faci, yana kallon tayoyi.

"Na'urar ta fito."

"Na gani."

"To."

Wannan "to" ɗin ita ce ban haƙuri mafi tsawo da aka taɓa ji daga bakinsa, mai faci ma ya san haka, ya karɓa.

Bayan kwana biyu matarsa ta shirya zuwa gidan 'yarsu. Ta fito za ta nufi titi, ya buɗe mata ƙofar mota ya ce ta shiga. Ta tsaya tana duban sa, tana duban motar, sannan ta shiga tana takure kafaɗu kamar mai jiran mari. Ya tayar, ya kunna faifan, ya kai sha biyu. A hankali kafaɗunta suka sauka. Ta jingina, har ta fara bin waƙar da kai. Bai tambaye ta ko ta san abin da Auta ke yi ba, fuskarta ta riga ta ba shi amsa.

Sun yi nisa sai ta ce wani abu tana kallon taga. Ya ga motsin bakinta ta gefen ido, ya tsinci ƙarshen maganar bai samu farkonta ba. Amsar da ya saba ta zo masa har bakin leɓe, cewa ta riƙa buɗe baki in za ta yi magana. Ya haɗiye ta. Ya rage gudu ya gangara gefen titi, ya tsayar da motar, ya juyo ya fuskance ta.

"Ban ji ba," ya ce. "Sake faɗa mini."